Ƙofar Midil: Tarihin Karatu Da Harshe Biyu A Ƙasar Hausa

Duk garin da mutanensa suka zauna a yau don tsara ƙaramar sakandare mai koyarwa da harshe biyu, da wuya a tashi daga taron ba a ji wani dattijo ya ce abin sabo ne, a bi a hankali. Bi a hankali kam daidai ne, amma abin ba sabo ba ne. Ƙasar Hausa ta fi shekara ɗari tana fama da shi, da Ingilishi a Nijeriya da Faransanci a Nijar, kuma tun kafin zuwan waɗannan biyun ta daɗe tana yin sa da Larabci. Wanda ya bi wannan tarihi zai ga yawancin gardamarmu a kan firamare take tsayawa, alhali a matakin tsakiya ake yanke hukunci, wato shekarun da yaro yake tsakanin sha ɗaya da sha biyar, lokacin da karatu yake tashi daga haɗa baƙi da ƙirga ya koma neman dalilin abubuwa. A nan ne kowane tsarin boko da aka taɓa yi mana ya ajiye Hausa, a nan ne kuma ɗimbin yara suke yankewa. Zai kuma ga cewa tsarin harshe biyu da ya ɗore a wannan mataki shi ne wanda mutanen gari suka riƙe da hannunsu, domin sun ga inda zai kai 'ya'yansu. Wanda aka sauko da shi daga ofis kuwa, takarda ɗaya take kawo shi, takarda ɗaya take tafiya da shi.

Makarantar tsakiya ta farko da ƙasar nan ta sani ita ce zauren malam. Yaro in ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo sai ya shiga makarantar ilimi, ya fara da ƙananan littattafai irin su Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi, ya hau Iziyya da Risala, mai himma ya kai Askari da Muhtasar. Yadda ake karatun shi ne abin lura. Ɗalibi yana durƙushe a gaban buzun malam, littafinsa a buɗe, ya ja baƙi, kalma biyu ko uku, ya dakata, malam ya fassara da Hausa. Ya sake ja, malam ya sake fassarawa. In an zo wuri mai sarƙaƙiya sai a tsaya, malam ya yi sharhi, ya kawo misali da rijiyar unguwa in babin tsarki ake yi, ko da lissafin gona da shanu in babin gado ne, sa'an nan a ci gaba. Ɗalibin ya koma gefe ya yi ta bita, Larabci da Hausa a jere, har karatun ya zauna masa. Larabci ne harshen littafi, Hausa ce harshen ganewa, kuma babu ranar da ake cewa daga yau an daina Hausa tunda ɗalibi ya girma. Mai furfura da ke karatun Muhtasar da Hausa ake fassara masa, kamar yadda ake yi wa yaron da ke Ahalari. A gidajen malaman Fulani da Fulatanci ake wannan aiki, a Barno da harshen Barebari. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da harshe uku ta yi rubutu, jajojinta kuma, wato matan da ta horar, suka riƙa kai karatun ƙauyuka da harshen da matan can suke ji.

Ba a ce tsarin zaure ba shi da aibi ba. Yana da jinkiri, hadda ta yi masa yawa, kuma ya fitar da mutane da dama da za su fassara maka shafi guda na fiƙihu amma su kasa hira da Balarabe. Sai dai ya ɗore ƙarni bayan ƙarni ba tare da ma'aikatar ilimi ba. Iyaye ne suke kai kuɗin Laraba, manoma suke kai zakkar hatsi, attajiri ya gina zaure ya sayi fitila, kuma kowa ya san ƙarshen hanyar: limanci ne, ko alƙalanci, ko aikin magatakarda a fada, ko mutum ya shimfiɗa nasa buzun. Ƙididdigar farko da Turawa suka yi bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903 ta nuna makarantun allo a Arewa sun kai wajen dubu 20.

Boko ya shigo ta wata hanya dabam. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, ya kuma zaɓi a yi koyarwa da Hausar boko. Kada a ɗauka ƙaunar Hausa ce kaɗai ta sa haka. Mulkin Turawa a Arewa ta hannun sarakuna yake tafiya, abin da yake buƙata shi ne malaman haraji da na asibiti da na gona masu iya rubutu da lissafi, kuma jami'ansa da dama suna tsoron kada yawan Turanci ya haifar musu da irin 'yan bokon Ikko masu rubuta ƙorafi a jarida. To amma aikin gwamnati yana son wasu 'yan kaɗan masu jin Turanci sosai, shi ya sa aka kafa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ita kuwa da Turanci zalla take karatu. Sai aka sami rata tsakanin ƙasa da sama. Bayan an haɗe sassan ilimi na Kudu da Arewa a 1929 a ƙarƙashin daraktan ilimi Hussey, tsarin da ya fito a 1930 ya cike ratar da makarantar midil: shekara huɗu a elementare da harshen gida, wanda a mafi yawan lardunan Hausa ne, daga nan wanda aka zaɓa ya wuce midil inda Turanci yake karɓar ragama, daga midil kuma 'yan ƙalilan su wuce kwaleji.

Kusan kowane lardi midil ɗaya gare shi, a babban birni, ta kwana ce, kuma daga baitulmalin En'e ake ciyar da ita. Ta Kano ita ce Kwalejin Rumfa ta yau, ta Zariya Alhudahuda, ta Sakkwato Nagarta. Kuɗin harajin talakawa ne yake tafiyar da su, amma ba wanda ya tambayi talakawan da wane harshe suke so a koyar da 'ya'yansu, ko me za a koya musu. Razdan da jami'in ilimi na lardi da sarki su ne masu shawara. Umarni yakan sauko wa hakimi ya kawo yara kaza, shi kuma ya sauke wa dagaci, har ta kai wasu gidajen suna ɓoye 'ya'yansu, wasu masu sarauta suna tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Yaron da ya shiga, wanda ya yi shekara huɗu yana lissafi da labarin ƙasa da Hausa, sai ya tarar lokacinsa na farko duk a kan Turanci zai ƙare, kafin a ci gaba da sauran darussa da sabon harshen. Hausa ta zama kamar takalmin da ake tuɓewa a bakin zaure: ita ta kawo ka, amma ba a shiga da ita. Daga wannan ra'ayi ne al'adar cin tara ko bulala ga ɗalibin da aka kama yana Hausa ta samo tushe, al'adar da ta bi makarantun kwana har bayan Turawa sun tafi da daɗewa.

Abin mamaki, malaman midil ɗin nan su ne suka gina rubutacciyar Hausa ta zamani. Lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi ya sa gasar ƙagaggun labarai a 1933, Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma, wanda ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama hedimasta, ya rubuta Shaihu Umar. Imam ya zo ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Shehu Shagari, da ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su riƙe tarihi da labarin ƙasa cikin sauƙi. Shi East ɗin da Imam sun haɗu sun rubuta Ikon Allah, littafin da yake bayanin halittu da yadda duniya take tafiya da Hausa tsantsa. Ke nan tun kafin 'yancin kai an riga an nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar kimiyyar da ɗan shekara goma sha uku yake buƙata. Marubutan suna nan, maɗaba'a tana nan a Zariya tun da aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Abin da ba a yi ba shi ne a ce wannan darasi da Hausa za a koyar da shi a midil, da ita kuma za a yi jarrabawarsa. Littattafan sai suka tsaya a matsayin na koyon karatu da na nishaɗi, ba su zama littattafan darasi ba.

A nan ne mai ja zai ce: to ai wannan tsari da kake kushewa shi ya fitar da Ɓalewa, wanda Turawa da kansu suke yaba Turancinsa, shi ya fitar da Sardauna da Aminu Kano. In tuɓe Hausa a ƙofar midil ɓarna ce, ina ɓarnar a jikin waɗannan? Maganar tana da nauyi, amma a dubi su wane ne da kuma nawa ne. Yara ne da aka tsamo ɗaya-ɗaya daga lardi guda, aka killace su dare da rana, ajinsu bai cika ba, malamansu 'yan Kwalejin Katsina ne da Turawa, kuma kowannensu ya san aiki yana jiransa. Sun kuma iso da tushe: sun yi makarantar allo, sun iya karatu da rubutu da Hausa sarai kafin su fara Turanci, wasunsu kamar Aminu Kano daga gidan malamai suka fito. Idan akwai abin da rayuwarsu ta tabbatar, shi ne wanda ya ƙware a harshensa ya fi saurin ƙwarewa a na biyu. Yawansu kuwa abin takaici ne. A 1957 ɗaliban sakandare a Arewa gaba ɗaya ba su kai 4,000 ba, lokacin da Kudu take da sama da 28,000. Tsarin da aka yanka wa 'yan ɗaruruwa ba zai zama ma'auni ga aji mai yara ɗari da malami ɗaya ba.

Akwai ƙorafi na biyu da ya fi wannan ƙarfi, domin daga bakin 'yan Arewa ya fito. A shekarun 1940 da 1950 'yan bokonmu da kansu ne suka riƙa kukan cewa hana Turanci a elementare dabara ce ta danne Arewa, domin ɗan Kudu yana gama firamare da Turancin da zai sami aikin akawu a jirgin ƙasa ko a kanti, ɗan Arewa kuwa yana gama elementare ba ya iya cike takardar neman aiki. Gaskiya suka faɗa. Amma ciwon da suke nunawa shi ne an jinkirta Turanci, an kuma mayar da karatun Hausa hanya mai toshewa wadda ba ta kai kowa ko'ina. Maganinsa shi ne a fara koyar da Turanci da wuri a matsayin darasi, a kuma bar Hausa ta hau sama tare da ɗalibi. Abin da aka yi ya saɓa da haka. A tsakiyar shekarun 1950 aka rushe tsarin midil, aka mayar da su sakandaren lardi, aka ƙirƙiro babbar firamare, kuma da gaggawar cike guraben aiki da 'yan Arewa ta matso, sai aka riƙa jawo ƙofar da ake tuɓe Hausa ƙasa ƙasa, har wasu wuraren suka koma shiga Turanci tun daga aji ɗaya.

Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya zo, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi tsammani, aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin, daga baya a koma Turanci, bugunta na baya ya ƙayyade komawar a aji huɗu. Tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya dawo da matakin tsakiya da sunan ƙaramar sakandare, inda Hausa take darasi guda a cikin jerin darussa. Wannan a takarda ke nan. A cikin aji kuwa kowa ya san abin da yake faruwa. Malamin kimiyya a ƙaramar sakandaren ƙauye zai cika allo da bayanin yadda ganye yake sarrafa abinci da hasken rana, da Turanci, yara su kwafe harafi da harafi. Ya karanta, su amsa a tare. Ya tambaya ko sun gane, su ce sun gane. Ya dubi fuskokinsu, ya ajiye alli, ya ce to ku saurara, ya yi bayanin da Hausa cikin minti biyar, nan take hannuwa su fara tashi, tambayoyi su ɓarke. Ran jarrabawa kuma takarda ta zo da Turanci, yaron da ya fahimci darasin ya kasa rubuta abin da ya sani. Koyarwa da harshe biyu dai ana yin ta kullum a makarantunmu, amma a ɓoye, ba littafi, ba horo, ba maki, malamin ma yana jin kamar laifi yake yi in mai duba makarantu ya leƙo.

Nijar ta bi tata hanyar ta iso wuri ɗaya. Faransawa ba su yi irin sassaucin Turawan Ingila ba, lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci take farawa tun ranar farko. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram mai koyarwa da Hausa, ana shigo da Faransanci sannu a hankali, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye. Binciken da aka yi ta yi a kansu ya nuna yaransu sun fi takwarorinsu iya karatu da lissafi, kuma ba su gaza su a Faransanci ba. Duk da haka suka shekara gommai ana kiransu makarantun gwaji, yawansu bai wuce 'yan gommai ba, manyan ma'aikata kuma ba sa kai 'ya'yansu can. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, gwajin a firamare ya tsaya. Ita kanta dokar ilimi ta 1998, wadda ta ba harsunan ƙasa matsayi, ta ajiye Faransanci a matsayin harshen koyarwa da zarar an shiga kwaleji, wato ƙaramar sakandare. Uba mai hankali yana duban ƙarshen hanya ne, in ya ga a sama Faransanci kaɗai ake tambaya, ba zai yarda a yi gwaji da ɗansa ba.

A ƙasar Nijar ɗin dai akwai wani tsarin harshe biyu da ya bunƙasa. An buɗe madarasar Faransanci da Larabci ta farko a garin Sayi a 1957, yau kuma irinta sun bazu ko'ina, na gwamnati da na jama'a. Bambancinta da makarantar gwaji shi ne tana da firamare, tana da kwaleji, tana da takardar shaidar gama sakandare, tana da jami'ar Musulunci a Sayi tun shekarun 1980, iyaye kuma su suke neman ta, sau da yawa su gina azuzuwa kafin gwamnati ta turo malami. Haka abin yake a Nijeriya. Makarantar shari'a da aka kafa a Kano a 1934 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ta haɗa Larabci da Turanci ta kuma kai ɗalibanta ga alƙalanci da jami'a. Abubakar Gumi ya bi ta Midil ta Sakkwato ya shiga wannan makaranta, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa, ya kuma fassara Alƙur'ani da Hausa. Makarantun Islamiyya da suka fara yaɗuwa tun shekarun 1950 mutanen unguwa ne suke ba da fili, su tara kuɗi, su naɗa kwamiti, su zaɓi malamai, kuma ba wanda yake cin tarar yaro don ya yi tambaya da Hausa. Za a ce addini ne ya ja mutane, haka ne, amma addini bai hana iyaye tambayar wace takarda za a ba yaro in ya gama ba, shi ya sa masu Islamiyya suka dage har jarrabawarsu ta sami hukumar da gwamnati ta amince da ita. Wani abin dubawa kuma, a bakin hukuma yau in an ce makarantar harshe biyu, Turanci da Larabci ake nufi, ko Turanci da Faransanci. Harshen da yaran suke tunani da shi ba ya cikin lissafi.

Shekarun nan sun ƙara nuna raunin abin da aka sauko da shi daga sama. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayyar Nijeriya, ta bakin ministan ilimi Adamu Adamu, ta sanar da cewa za a koyar da harshen uwa a duk shekara shida na firamare. Tana da hujja, domin gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma yana darasi a hannun ƙwararren malami, sun fi sauran. A Nuwamban 2025 wani ministan, Tunji Alausa, ya soke manufar, yana kafa hujja da faɗuwa a jarrabawar gama sakandare. Ƙaramin lissafi ya isa a ga gurguwar hujjar: yaron da ya shiga aji ɗaya bayan sanarwar 2022 a lokacin bai ko gama firamare ba, balle ya zauna jarrabawar WAEC. Waɗanda suka faɗi 'ya'yan tsohon tsari ne. A Nijar kuwa, kundin tafiyar da mulki da aka ƙaddamar a Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mataki ne babba, amma ba zai canja abin da ke faruwa a ajin farko na kwaleji a Tasawa ko Madawa ba sai ranar da littafin lissafi na Hausa ya isa hannun ɗalibi, malaminsa kuma aka horar da shi a kai.

Sauran ƙorafe-ƙorafen da ake yi ba su kai waɗancan biyun nauyi ba, sai guda. Masu cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya su tuna Hukumar Hausa ta fara wannan aiki tun 1955, sashen Hausa na BBC yana bayanin lafiya da tattalin arziki tun 1957, jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun tara kalmomi masu yawa, kuma aro ba abin kunya ba ne, Turancin ma da kalmomin Girkanci da Latin yake kimiyyarsa. Wanda ya kamata a tsaya a kansa shi ne batun garuruwan da aka cakuɗa. A Jos ko Kafancan ko Yola ko Sabon Garin Kano, sanya Hausa harshen koyarwa yana iya zama wa wasu danniya, kuma tarihin mulkin En'e ya ba su dalilin jin haka. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata hukunci ya fito daga Abuja ko Yamai a shafa wa kowa ba. Abin da ya dace da Ɗanbatta ba lallai ya dace da Zonkwa ba, kuma mutanen wurin ne kaɗai suka san harshen da 'ya'yansu suke wasa da shi a fili.

Saboda haka kwamitin da zai tsara irin wannan makaranta, ko na iyaye da malamai ne ko na ƙungiyar ci gaban gari, kada ya fara da bulo da kwano. Ya fara da ƙirga malaman da suke iya rubuta Hausa daidai suna kuma jin Turanci sosai, domin wanda yake jin Hausa a baki dabam, wanda zai iya koyar da lissafi da ita dabam. Ya zauna ya rubuta, darasi darasi da shekara shekara, wanne za a yi da Hausa, wanne da Turanci, ta yadda Hausa za ta raka yaro har aji uku a kimiyya da lissafi, ana ba shi kalmomin Turancin a gefe, shi kuma Turanci a ba shi lokaci kullum a hannun malamin da ya fi kowa iyawa. Jarrabawar cikin gida a bar yaro ya nuna abin da ya sani da harshen da aka koya masa, ana ƙara rabon Turanci yayin da jarrabawar gwamnati take matsowa. A nemi yardar ma'aikatar ilimi ta jiha a rubuce, tunda jihohi suna da ta cewa a harkar ilimi. A kuma gaya wa iyaye gaskiya tun ranar farko a kan wace takarda yaro zai fita da ita da inda za ta kai shi.

A wannan zama a kira iyaye mata, domin su suke ganin yaro in ya dawo ya buɗe littafi ya rasa ta inda zai fara. A kira waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ce, a ji ta bakinsu kafin a yanke magana. A kira malaman zaure da na Islamiyya, sun fi kowa daɗewa a wannan sana'a. Masu hannu da shuni da suke shirin ba da gudummawar siminti kuma, a roƙe su su ware wani abu don buga littattafan aji ɗaya zuwa uku, domin tun zamanin Imam su ne suka fi ƙaranci.